RA'AYINMU: Ƙarancin Maki a JAMB Bai Rufe Ƙofar Aikin Injiniya Ba

Sakamakon jarrabawar JAMB yakan fito ne a daidai lokacin da ake sharar gona da tanadin iri. A kwanakin nan, daga makarantun cikin garin Ƙaraye zuwa na Yammedi da Turawa, daga Rogo zuwa Fulatan da Zarewa, da wuya a shiga ofishin malamai ba a tarar ana miƙa waya daga hannu zuwa hannu ba. Ɗan wani abokin aikinmu, ko ƙanensa, ko 'yar da yake riƙo, sun nemi karatun injiniya a jami'a, ga shi maki ya fito 160 da 'yan kai. Uba ya duba ya sake dubawa, lambar ba ta sauya ba. Ranar nan gida yakan yi tsit kamar an yi rashi.

Mun sha ganin abin da ke biyo baya. Wani uban yakan yanke hukunci nan take cewa yaron nan ba na boko ba ne, ya nema masa babur na haya ko tsaron shago a Kano. Wani yakan sayar da sa, ko ya jinginar da gona, ya damƙa kuɗin ga wani da ya ce ya san wani a jami'a. Wani kuma yakan ce a sake zama baɗi, yaron ya koma ya zauna da shiri irin na bara, ya kuma samu sakamako irin na bara. Dukkan ukun nan son ɗa ne ya kawo su, amma rashin sanin hanya ne ya ɓata su. Abin da muke son faɗa wa 'yan ƙungiya da iyalansu shi ne, hanyar zama injiniya a ƙasar nan ta fi ɗaya, kuma makonnin da ke bin bayan fitowar sakamako lokaci ne na zama a yi lissafi da natsuwa kafin a taɓa dukiyar gida ko a karya zuciyar yaro.

Mu fara da girman al'amarin. A alƙaluman farko da hukumar JAMB ta fitar na jarrabawar 2025, ɗalibai kimanin miliyan 1.9 ne suka zauna, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu kuwa ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Wato a cikin kowane ɗalibi huɗu, fiye da uku na ƙasa da rabin maki. A shekarar ce kuma shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura wadda ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har aka sake musu zama. Yaron da ya samu 165 a Rogo yana cikin mafi rinjayen ɗaliban Najeriya. Wannan ba abin alfahari ba ne ga ƙasa, amma ya isa ya hana uba kallon ɗansa a matsayin wanda ya fi kowa lalacewa.

Sai kuma mu tuna yadda jarrabawar take. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, a gaban kwamfuta: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga darussa uku, waɗanda ga mai neman injiniya su ne lissafi da fizis da kemistiri. Tun 2015 aka daina yin ta a takarda. Da yawa daga yaranmu ba su taɓa zama gaban kwamfuta na tsawon awa guda ba sai makon jarrabawar, wasu ma sun kwana a wani gari ne a gidan da ba su sani ba domin su isa cibiya da sassafe. Irin wannan yaro na iya sanin amsa lokaci ya ƙure masa yana laluben madannai.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba kowane ƙarancin maki ne laifin kwamfuta ba. Aikin injiniya lissafi ne tun daga shekarar farko har zuwa ta ƙarshe, kuma gadar da aka yi kuskuren lissafinta rayuka take ci. Saboda haka matakin farko shi ne a karɓi takardar sakamakon a dubi makin kowane darasi daban. Yaron da ya yi ƙoƙari a lissafi da fizis, Turanci ya ja shi ƙasa, matsalarsa daban take da ta wanda ya samu 32 a lissafi. Na farko yana bukatar ƙofa ce kawai, na biyu kuwa sai an koma an gyara tushe. A kuma dubi sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB: ana bukatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fizis da kemistiri, galibi a zama ɗaya ko biyu. A nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya mai ɗaci. Idan yaro yana riƙe da babban sakamako a lissafi na sakandare amma ya kasa warware tambayar aji uku na ƙaramar sakandare, mun san yadda aka samo wannan sakamakon, kuma JAMB ba ta zalunce shi ba, tona asiri kawai ta yi. Malamin lissafi ɗaya da ya zauna da yaro na awa biyu zai iya gaya wa uba inda ɗansa ya tsaya. Irin waɗannan malamai kuwa muna da su a cikinmu.

Bayan an san matsayin yaro, sai a dubi hanyoyi. Kowace shekara JAMB takan zauna da shugabannin manyan makarantu a tsayar da mafi ƙarancin makin da za a iya ɗaukar ɗalibi da shi. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Wannan ƙasan ma'auni ne kawai. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, sassan injiniya kuwa a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna cikin waɗanda ake rububi a kansu. Wanda ya samu 165 ya zauna jiran gurbin injiniyan gine-gine ko na lantarki a ɗaya daga cikinsu, mai yiwuwa shekara ta wuce shi yana jira.

Hanya ta farko ita ce sauya makaranta ko sauya fanni, wanda JAMB ke ba da dama a yi a cibiyoyinta da aka amince da su, da kuɗi kaɗan. Wannan ta fi dacewa da wanda makinsa ya kusa kai wa. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, wadda mallakar jiharmu ce kuma tana da tsangayar injiniya. Akwai kuma fannonin da yara ba su cika zaɓa ba domin ba su san da su ba, kamar injiniyan aikin gona da injiniyan albarkatun ruwa da muhalli, alhali su ne suka fi kusa da rayuwar mutumin da ya tashi a gaɓar Challawa. Kafin a sauya, a bincika makin da makarantar ta sanar da kanta a wannan shekarar, kada a dogara da abin da mai shagon kwamfuta ya faɗa.

Hanya ta biyu, wadda muke ganin an fi raina ta ba bisa hakki ba, ita ce kwalejin kimiyya da fasaha, wato foli. Kwalejin jihar Kano tana da Makarantar Fasaha a titin Matan Fada, inda ake koyar da injiniyan gine-gine da na lantarki da na injuna. Akwai ta Kaduna, wadda ta daɗe tana yaye ma'aikatan da suka riƙe masana'antu da ma'aikatun Arewa, akwai Nuhu Bamalli a Zariya, da Hassan Usman Katsina a Katsina, da Hussaini Adamu ta tarayya a Kazaure. Ƙaramar difloma, ND, shekara biyu ce. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ɗalibi na iya yin shekara guda ta koyon aiki a masana'anta, ya dawo ya yi babbar difloma, HND, shekara biyu, ya tafi hidimar ƙasa. Ko kuwa, idan ya fita da sakamako mai kyau, ya sayi fom ɗin JAMB na shiga kai tsaye, ya nemi aji biyu na jami'a.

Mu yi lissafin shekaru, tun da aikinmu ne. Digirin injiniya shekara biyar ne. Wanda ya zauna gida ya sake JAMB baɗi ya ci, shekara shida ke nan kafin ya gama. Wanda ya shiga foli bana, ya yi shekara biyu, ya shiga aji biyu ya yi huɗu, shi ma shida ne. Bambancin shi ne na biyun yana riƙe da takardar da zai iya cin abinci da ita tun a shekara ta biyu, hannunsa ya saba da ƙarfe da waya da ma'auni, kuma in rai ya yi halinsa ko ƙarfin uba ya ƙare a tsakiya, bai tashi a tutar babu ba. Ga iyalin da ke rayuwa a kan albashin malamin firamare, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba za mu ɓoye aibin wannan hanya ba. Har yanzu ana fifita mai digiri a kan mai HND wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma a wurare da yawa, duk da shekarun da aka kwashe ana kiraye-kirayen a daina. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 domin kula da sana'ar, tana yi wa mutane rajista ne a matakai huɗu: injiniya, da masanin fasahar injiniya, da ƙwararren ma'aikacin fasaha, da mai sana'ar hannu. Mai HND yana fara wa ne a mataki na biyu, sai ya ƙara karatu kafin ya hau na farko. Gurabun shiga kai tsaye a jami'a kuma ba su da yawa, sai wanda ya fita da sakamako na sama. Saboda haka yaron da zai bi ta foli da niyyar digiri ya sani tun ranar farko cewa makin zangon farko ma yana cikin abin da zai kai shi ko ya hana shi.

Hanya ta uku ita ce IJMB, shirin share fage mai zurfi wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi. Ana ɗaukar darussa uku a yi su na kimanin shekara guda, a zana jarrabawa, wanda ya samu maki mai kyau ya nemi aji biyu kai tsaye. Ba a bukatar makin JAMB na bana kafin a shiga. Idan aka dace, shekara ɗaya da huɗu biyar ke nan, daidai da wanda ya shiga jami'a tun farko. Ana yin shirin a Makarantar Share Fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtua, wadda ba ta da nisa da mutanen Rogo, da kwalejin da kowa ya sani da suna CAS a Kano, da kwalejin share fage ta Tudun Wada. Sai dai karatun ya fi na sakandare nauyi ƙwarai. Ya dace da yaron da ke da lissafi a kai amma ranar jarrabawa ta zo masa a karkace. Wanda tushensa ke da rauni, idan aka tura shi nan, an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfin wuyansa, kuɗin shekara kuma ya tafi. Irinsa ya fi bukatar shirin gyaran tushe na shekara guda, sa'an nan ya sake fuskantar JAMB.

Hanya ta huɗu tamu ce, kuma ba ma jin kunyar ambatonta: Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi, inda ake yin NCE ta shekara uku a fannonin lantarki da gini da aikin ƙarfe da katako da gyaran mota. Wanda ya bi nan malamin fasaha zai zama, kuma yana iya ci gaba zuwa digiri. Idan an tambaye mu dalilin da ya sa yaranmu ke faɗuwa a fizis, amsar farko ita ce ƙarancin masu koyar da shi a makarantun karkara. Yaron da ya dawo ya cike wannan giɓi ya yi wa garinsu aikin da ba ya kasa na mai gina gada.

Ta biyar ita ce sake zama. Makin JAMB na shekara guda ne kawai yake aiki, kuma babu laifi a sake. Amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A samo manhajar da hukumar ta tsara, a bi ta babi-babi tun daga yanzu, a samu malamin da zai riƙa duba aiki kowane mako, a riƙa gwajin kwamfuta da agogo a gefe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi alheri ma, yaro na iya karɓar gurbin foli bana, ya sake gwada JAMB yana cikin karatu, maimakon zaman majalisar bakin titi na wata goma sha biyu. Idan aka yi zama biyu maki bai motsa ba, to lokaci ya yi da za a saurari abin da sakamakon ke faɗi, a nemi fannin da ya dace da baiwar yaron.

Yanzu sai gargaɗi, domin a nan ne dukiyar talaka ke salwanta. Tun 2017 duk wani gurbin karatu na gaskiya yana bi ne ta tsarin JAMB da ake kira CAPS, inda ɗalibi zai ga sunansa da makarantarsa da fanninsa da idonsa, ya karɓa ko ya ƙi. Takardar shiga makaranta da ba ta bi ta nan ba, ko da hatimi goma ne a kanta, tana iya kai yaro ga gama karatu a ƙi tura shi hidimar ƙasa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai ƙara wa yaro maki, ɓarawo ne. Duk wanda ya ce yana da gurbi na sayarwa, a tambaye shi dalilin da ya sa ba ya son a gani a CAPS. Haka nan a yi hattara da masu tallar digirin gaggawa a ƙetare. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo a farkon 2024. Garin neman gira kada a rasa ido. Kafin a biya ko kwabo, a tabbatar fannin da yaro zai karanta yana da amincewar hukumar NUC idan jami'a ce, ko NBTE idan foli ce, tare da ta COREN.

Game da kuɗi, tun 2024 akwai asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ba shi da ruwa, kuma ya shafi ɗaliban jami'o'i da foli da kwalejojin ilimi na gwamnati. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Bashi ne, a shiga da ido buɗe, amma ya fi jinginar da gonar gado. Muna kuma roƙon iyaye kada a yi wa 'ya'ya mata awo da wani mudu daban. Sau da yawa namiji yakan samu zama biyu ko uku, mace kuwa faɗuwa ɗaya ta isa a rufe littafinta. Duk hanyoyin da muka lissafa a buɗe suke gare ta.

Wanda ke shakkar amfanin wannan fage ga yankinmu, ya je ya tsaya a kan madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye. An kammala ta a 1992, tsayinta mita 42, tsawonta ya kusa kilomita takwas, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Aiki irin wannan ba injiniya mai digiri kaɗai ke yin sa ba. Akwai mai awon ƙasa, da mai gwajin ƙasa da kankare, da mai kula da manyan injuna, da mai walda. Yau ma bukatar tana nan a ƙofar gidanmu: injinan ban ruwa na masu noman rani, da injinan matse rake, da rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana waɗanda idan suka lalace sai a yi makonni ana jiran mai gyara daga Kano. Yaron da ya iya waɗannan da ilimi, ba da kame-kame ba, ba zai rasa abin yi ba.

Daga ƙarshe, mu juyo kan kanmu. Makin da ya fito a wayar nan an fara rubuta shi ne shekara goma da suka wuce, a ajinmu. Yaron da ya bar aji huɗu bai iya jadawalin ninkawa ba, ya bar aji shida bai gane kashi da ɗigo ba, shi ne yau yake kallon tambayar fizis kamar rubutun wani harshe. Mun san uzurinmu, kuma gaskiya ne: aji mai ɗalibai fiye da ƙima, rashin littattafai, malami ɗaya a kan darussa da yawa, albashin da ba ya kai wa ƙarshen wata. Ƙungiya za ta ci gaba da neman hakkinmu a kan waɗannan ba tare da gajiya ba. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen a hannunmu yake. Darasin lissafin da aka tsallake domin malami bai shirya ba, ba gwamnati ce ta tsallake shi ba.

Don haka muna ba shugabannin reshe shawara uku. A kafa ƙaramin kwamiti na malamai masu ilimin lissafi da kimiyya, tare da 'yan'uwanmu na sakandare, wanda zai riƙa zama ranar Asabar a Ƙaraye da Rogo a watannin da ke bin fitowar sakamako, iyaye su zo da takardun 'ya'yansu a duba musu kyauta. A gayyato 'ya'yan yankin nan da suka bi ta foli ko IJMB suka kai ga aiki, su yi wa ƙannensu bayani da bakinsu. A kuma tunkari shugabannin ƙananan hukumomin biyu da wakilanmu a majalisa da bukatar ɗakin kwamfuta mai hasken rana inda ɗaliban ajin ƙarshe za su riƙa gwaji tun kafin jarrabawa ta matso.

Ga uban da sakamakon ɗansa ke cikin aljihunsa yanzu kuwa, shawararmu gajeriya ce. Malam, kada ka sayar da komai a makon nan, kada kuma ka furta wa yaron kalmar da zai riƙe har tsufansa. Kira shi ku zauna, ku dubi makin darasi-darasi, ku nemi malamin lissafi ya gwada shi, sa'an nan ku zaɓi hanyar da ta dace da kansa da kuma ƙarfin gidanku, tun ba a rufe sauya makaranta ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu.